Wanzamin da Ya Zubar da Ciwo a Kogi

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya bar wa ƙafa yawo, ya ɗaga sama ya bar wa ido kallo, ya saukar da cuta ya saukar da mai cewa sannu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama. Bayan haka, ku gyara zama ku ba ni aron kunnuwanku. Ni ne Jatau ɗan Barmo, wanzami jikan wanzami, wanda ya taka ƙasashen da ba a jin labarinsu ko a bakin fatake. Zan faɗa muku abin da ya same ni a Kwarin Gwalamdi, kuma ba zan yi wa kaina kwalliya a cikin labarin ba.

Hali biyu gare ni waɗanda ban gada ba: son abin duniya da tsoron ciwo. Ni da nake tsaga bayan ƙarti ina ce musu su yi ta maza, in ƙaya ta soke ni sai an jiyo ni a unguwa ta uku. Son abin duniyar ne ya fitar da ni daga gida, ranar da wani baƙo ya gaya mini akwai ƙasa bayan mafitar rana mai suna Tsagaro, inda gashin mutane ke tsiro taki guda kowace rana. Na ce a raina, wanzami a wannan ƙasa ai ya gama da talauci. Ko sallamar kirki ban yi ba na rataya zabira, da askata da ƙahonina bakwai, na kama hanya.

Wata bakwai ina tafiya. Na ratsa dajin da itatuwansa ke kwanciya da tsakar rana su bar matafiyi ba inuwa, na haye tafkin da kifayensa ke fitowa kiwo a tudu, na wuce garin da ake sayar da iska a tulu. Duk ban tsaya ba, har na isa Tsagaro a kan wani dutse mai tsawon da gajimare ke kwana a gindinsa. Baƙon bai yi ƙarya ba, gashi kam har ƙasa. Abin da bai gaya mini ba shi ne, gashin nan shi ne gonarsu. Da shi suke saƙa, da shi suke tufka, kuma ba a yankansa sai ranar girbi. Ni kuwa na shiga kasuwarsu ina wasa aska ina kiran masu aski. Kafin in rufe baki an rufe ni.

Hukuncinsu shi ne a ɗaure mai laifi da igiyar gashi a rataye shi a bakin dutse har ya bushe. Na leƙa na ga nisan ƙasa, na dubi igiyarsu na ga ba za ta kai ko rabi ba, sannan na dubi gemun Sarkinsu, wanda ba a taɓa girbewa ba tun yana saurayi, mutum goma sha biyu ke riƙe masa shi. Sai na sunkuyar da kai na ce na karɓi hukunci, amma akwai abin da tausayi ba zai bar ni in ɓoye ba: a al'adar wanzamai, duk garin da aka ɗaure ɗayanmu da mataccen gashi, wato wanda aka riga aka yanke, sanƙo kan sauka a kansu har jikoki. Ba a jima ba aka ɗaura mini gemun Sarki a ƙugu, shi yana kwance rub da ciki a bakin dutse ana zura ni. Da na ji gemu ya ƙare, na zaro ƙaramar askar da ke cikin hulata na yi masa girbi. Ihun Sarki ya raka ni har ƙasa. Sai dai lissafina ya gaza da tsawon giginya biyu, na faɗi a kan ƙafar dama na ji ta ce ƙaras.

Wasu mata masu itace ne suka tsince ni, ina kuka ina kiran uwata da ta shekara ashirin a ƙasa. Suka ɗora ni a kan jaki suka kai ni garinsu, Gwalamdi, a bakin wani kogi mai sanyi. Aka kwantar da ni a dandali, wata tsohuwa doguwa mai ido kamar na shaho ta ɗauki kuge, ƙarfen nan da ake kaɗawa don tara jama'a, ta buga sau uku. Nan da nan mutane suka fito, mai daka ta bar turmi, maƙeri ya bar wuta, suka yi layi har mutum arba'in. Na farkonsu ya durƙusa ya kama wuyan hannuna ya ce in kawo. Na ce ba ni da ko anini. Tsohuwar ta ce ba kuɗi yake nufi ba, in ce na bayar kawai. Na ce na bayar. Sai na ji wani ɗan yanki na zafin ya fice daga ƙafata, mutumin ya miƙe yana ɗan ɗingishi, ya ce mini sannu ya tafi. Haka na biyu, haka na uku. Da na arba'in ya tashi, ƙafata tana nan a karye amma ko ƙaiƙayi ba ta yi, mai ɗori ya ɗaure ta muna hira.

Sunan tsohuwar Kyallu, ita ce Uwar Gayya. Ta bayyana mini cewa a kwarin nan ciwo yana bin hannu ya koma jikin wani, muddin mai bayarwa ya yarda mai karɓa ya yarda. Amma ciwo ba ya mutuwa sai an ji shi har ƙarshe. In mutum ɗaya ya riƙe babba, yana iya kashe shi. In aka raba wa arba'in, kowa ya yi ɗingishinsa zuwa la'asar ya watsake. Shi ya sa suke gayyar ciwo kamar yadda muke gayyar noma. Ta ce dokarsu guda ce: wanda aka yi wa gayya, shi ma zai fito gayya. Wanda kuwa ya ha'ince ta, ba a dukansa ba a korarsa, sai dai kuge ba zai ƙara bugawa dominsa ba, ya zauna da ciwonsa shi kaɗai. Na ce mata ai wannan doka ta yi daidai, ina lashe kwanon fate da aka kawo mini.

Da ƙafata ta warke aka buga kuge, Sarkin Pawa ne da ciwon haƙori. Na shiga layi ina murmushi, na karɓi rabona, kashi ɗaya cikin arba'in. Jama'a, na yi birgima a ƙasa har yara suka kewaye ni. Kowa ya koma aikinsa yana ɗan riƙe da kumatu, ni kuwa sai da aka kai ni masauki a kafaɗa. Ina kwance ina tunanin cewa garin nan mutum dubu ne, kuma kowa da haƙoransa, sai na ga ba zan iya ba.

Da aka sake buga kuge, wani tsoho ne mai ciwon baya, na zo da ƙaho a hannun riga. Da layi ya zo kaina na kafa masa shi a wuyan hannu, na ce haka muke yi a garinmu, na zuƙa na toshe da kakin zuma. Sai na ji ƙahon ya yi nauyi, wani abu yana zuzu a ciki kamar an kulle zanzaro a gora. Tsoho kuwa ya miƙe zumbur ya taɓa yatsun ƙafarsa. Ba rabona kaɗai na zuƙe ba, duka na kwashe, kuma ko ɗigo bai shiga jikina ba. Da na ga idanun jama'a a kaina, sai na dafe ƙugu na yi nishi mai tsawo, na ce su koma gida, na shanye musu.

Washegari da hantsi na tafi wanka a wata kwana ta kogi inda ciyawa ta rufe, na cire kakin, na tsoma ƙahon a ruwa. Abin ya fice baƙi sulɓi kamar ɗan kwaɗo, ya bi ruwa ya gangara. Na wanke ƙahona na dawo ina fito. Ban tambayi kaina inda kogin ya nufa ba, don na lura tambaya irin wannan tana ɓata wa mutum cin abinci.

Kafin wata biyu sunana ya zama Jatau Sha-Ciwo. Aka gina mini gida mai zaure biyu, awaki suka cika garke, riguna suka cika adaka. Fatake daga ƙasashe masu nisa suna yada zango don kawai in kafa musu ƙaho. Ni kuma na ƙware a nishi: akwai na ciwon kai, akwai na ciwon ciki, akwai wani na musamman da nake yi wa masu hannu da shuni, wanda har hawaye ke biyo shi. Mata suna nuna ni ga 'ya'yansu suna cewa ga bawan Allah mai ɗaukar wa mutane. Gaskiya na ji daɗin wannan fiye da awakin, har wani lokaci nakan manta in ji tausayin kaina da gaske.

Kuge ya yi tsatsa a rataye. Mutum ya kwana uku yana zazzaɓi maƙwabcinsa bai sani ba, don ba ruwansa, akwai Jatau. Sannu ma ta yi wuya a garin. Kyallu kaɗai ce ba ta taɓa miƙo mini hannu ba, tana jan gwiwarta mai ciwo ta wuce ƙofata. Wata rana ta tsaya ta ƙare mini kallo ta ce ta shekara hamsin tana ganin masu ɗaukar ciwo, ba ta taɓa ganin wanda wuyansa ya yi taiɓa biyu ba sai ni. Na ce kumburi ne. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta wuce.

Shekara ta zagayo. Ran nan da safe ina zaure ina shan fura, sai ga wata mata siririya ta shigo da sallama, tana goye da namiji babba kamar jariri. Ta sauke shi a kan tabarma a hankali. Ban taɓa ganin mai rai ya rame haka ba, ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga, kuma jikinsa ba inda ba ya rawa. Ta ce sunanta Yalwa, wannan mijinta ne Tunau, mai fito a Tungar Kainuwa, yini biyu a jirgi in an bi ruwa ƙasa. Ta tuƙo shi ita kaɗai, tana yaƙi da ruwa kwana huɗu.

Ta ce tungarsu mutum goma sha tara ne, goma yara. Shekara guda ke nan ruwan da suke sha yana zuwa musu da cututtukan da ba nasu ba. Yaro ɗan shekara huɗu ya tashi da ciwon baya na tsofaffi, jaririyar da ko haƙori ba ta fitar ba ta kwana tana kukan haƙori. Ba su da yawan da za su raba, ba su da wani ruwan. Sai Tunau ya hana a bar wa yara, kullum da safe ya bi ɗaki ɗaki yana kama hannuwansu. Tun yana iya tuƙi har ya koma zama, har ya kwanta. Sun ɗauka jarrabawa ce daga Allah. Da suka ji labarin waliyyin Gwalamdi, ta ce bari ta gwada. Ta kwance bakin zane ta ajiye mini busasshen kifi guda uku, ta ce in yi haƙuri, ba su da akuya.

Na ture ƙwaryar furar gefe. Tunau ya buɗe ido da ƙyar, ya dube ni da kunya kamar shi ne mai laifi.

Ya ce, "Malam, ka gafarce mu, mun zo ƙara maka kaya. Ni na yara goma kawai nake ɗauka, ka ga yadda na koma. Kai da kake ɗaukar na gari guda, ban san yadda kake yi ba."

Na ce masa abin sai haƙuri. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ɗauko ƙaho na kafa masa, ina cewa a raina in na kwashe sai in nemi wani kogin. Zuƙa ɗaya ƙahon ya tsage gida biyu, abin ya koma jikinsa. Ashe ciwon da ya jiƙa a ruwa kumbura yake yi kamar wake. Na kafa na biyu ya fashe, na uku ya fashe, har na bakwai. Ina tsaye da ɓaraguzan sana'ata a hannu sai ga Kyallu a bakin ƙofa. Ta duba idon Tunau, ta taɓa ƙirjinsa, ta ce ba zai ga jibi ba sai in garin nan kaf ya fito masa gayya. Ta je ta kankare tsatsar kuge ta buga har hannunta ya gaji. Mutum bakwai suka fito, dukansu tsofaffi. Sauran suka aiko cewa ai baƙon yana gidan Jatau, me kuma ake nema da su.

Ba zan ɓoye muku ba, na ɗaura wa jaki kaya. Na san in na faɗi gaskiya kuge ya haramta gare ni, ga ƙahonina sun ƙare, kuma ni mutum ne da rabon arba'in na ciwon haƙori ya kayar. Na ce wa Yalwa zan je daji neman saiwa, ta yi mini addu'a har da ɗaga hannu. Na fita ta ƙofar yamma, na yi tafiyar da ba ta kai zango ba, na zauna a gindin wata tsamiya don in ci guzuri. Da na buɗe jaka sai na ga a cikin gaggawa kifin nan uku na kwaso. Na gutsura, na tauna, na tauna, ya ƙi wucewa. Na yi wa kaina huɗuba cewa kowa da ajalinsa, kifi ya ƙi wucewa. Na ce ai ban san akwai mutane a can ba, sai na tuna ban tambaya ba ne don kada in sani. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ga shi ba kowa a wurin sai jaki. Na juya kansa muka koma.

Na san mutanen Gwalamdi ba za su fito don baƙo ba, amma na san abin da zai fito da su. Na kira sankira na cika masa hannu da goro, na ce ya zaga gari ya shelanta cewa Jatau Sha-Ciwo zai bayyana asirin shan ciwo ba tare da an ji shi ba, yau da azahar a dandali, kyauta, kuma sau ɗaya zai faɗa. Kafin azahar ko kaza ba a bari a gida ba. Har wanda bai je jana'izar ƙaninsa ba ya zo da tabarmarsa ya kama gaba. Na sa aka kwantar da Tunau a tsakiya, na kife turmi na hau.

Na ce, "Jama'a, ga asirin. Ban taɓa shan ciwon kowa ba. A ƙaho nake tarawa in zubar a kogi, kogi ya kai wa yaran Tungar Kainuwa, wannan mutumin ya karɓe musu. Sha-Ciwon da kuke nema ga shi nan kwance. Ni awakinku kawai na sha wa nono."

Takalmi na farko a kunne ya same ni, kuma na Sarkin Pawa ne, na gane shi da ƙarni. Na bari suka yi ta jifa har takalma suka ƙare, sannan na ce to, yanzu kowa ba takalmi, ba mai saurin tafiya, sai su saurari sauran. Na ce kayansu na nan a jikin baƙo ba abin da ya ɓata, kowa ya zo ya duba nasa. Sarkin Pawa ya ce wannan ma wata ƙaryar ce, ya tako don ya kunyata ni, ya kama wuyan hannun Tunau. Sai muka ga fuskarsa ta sake. Ya dubi ƙasusuwan da ke kwance a gabansa, ya ce a hankali, wannan ciwon haƙorinsa ne, na ƙasa ta hagu, wanda ya kawo mini bayan sallar layya. Ya ce wa Tunau ya kawo. Ya tashi riƙe da kumatu, idonsa ya cika da ƙwalla, kuma ba duka na haƙori ba ne.

Daga nan layi ya kafu da kansa. Liman ya gane gwiwarsa. Wata mata ta gane ciwon kan da ya kama ta ranar da dangin mijinta suka zo kwana uku suka yi wata. Wani maƙeri ya yi gardama cewa marurun da aka nuna masa ba nasa ba ne, nasa bai kai haka girma ba, sai matarsa ta ce nasa ne, ita ta san wurin da ya fito, ya karɓa da sauri kafin ta faɗa. Waɗanda ba su da kaya a ciki suka rage wa masu yawa. Zuwa la'asar garin Gwalamdi kaf yana ɗingishi yana nishi, kuma ta ko'ina sannu kake ji, sannu, yauwa sannu, kamar an buɗe rumbunta. Aka tashi samari a jirage su kai wa tunga ruwan rijiya har kogi ya wanke.

Amma Tunau bai daina rawa ba. Kyallu ta taɓa shi ta ce akwai saura, kuma ba na ɗan gari ba ne. Sai na tuna fatake. Na ciwon ƙafa da na rana duk ƙanana ne, amma a cikinsu akwai matar wani madugu da naƙuda ta kama a zango, tagwaye, wadda na kwashe mata tas aka ba ni raƙumi. Suna can wata ƙasar da ba mai sanin hanyarta. Kyallu ta ce kowa a garin ya cika, ba mai iya ƙara ko ƙwayar gero sai bayan kwana uku, shi kuwa baƙo ba shi da kwana ukun. Ta ce mutum ɗaya ne a dandalin nan jikinsa fayau, har da taiɓa. Sannan ta ɗaga murya ta ce kowa ya shaida, daga yau kuge ba ya bugawa don Jatau ɗan Barmo.

Na sauko daga turmi. Na dubi hanyar ƙofar yamma, na dubi Yalwa. Tun da na yi magana ba ta dube ni ba, ba ta kuma jefe ni ba, tana dai share wa mijinta gumi da bakin zane. Na durƙusa na kama hannunsa na ce ya kawo. Ya ce anya zan iya. Na ce ba zan iya ba, ya kawo dai.

Ku maza da ke zaune a nan, ku je ku gaida iyayenku mata. Abin ya kama ni daga tsakiyar baya ya zagayo mara kamar ana matse ni da igiyar rijiya, ya saki, na ce alhamdu lillahi ya wuce, sai tsofaffin matan da ke wurin suka fashe da dariya suka ce ai wannan sallama ce. Aka ja ni zuwa zaurena. Doka ta hana a karɓar mini, amma ba ta hana kallo ba, don haka matan gari suka yi sansani a ƙofa, kowace da nata ɗingishin. Wata ta ce in yi durƙuso, wata ta ce in kama turmi, wata ta leƙo tana tambaya ko an ga kai. Matar Sarkin Pawa ta ce in namiji ne a sa masa sunan mijinta. Na nemi gafarar uwata, na nemi gafarar kakata, na yi alkawuran da ko waliyyi ba zai iya cikawa ba. Kyallu ta zauna a gefe tana ba ni ruwa da ludayi, ta ce nishina na yanzu ya fi na da kyau.

Kwana biyu ina haka. A rana ta uku da hantsi na biyun tagwayen ya taso, ya zo da duk kumburin da ya yi a kogi. Dariya ta ɗauke a ƙofa. Na ga zauren yana duhu yana haske, na daina ihu don ba sauran murya, na tabbata a raina nan zan mutu, a baƙon gari, a kan ciwon da ko ɗa ba zai bari ba. Ina cikin haka sai na ji yatsu masu sanyi sun kama wuyan hannuna.

Tunau ne. Ya taso daga shimfiɗa yana dogara gorar tuƙi, Yalwa tana tallafe da shi ta ɗaya gefen. Idonsa ya washe, amma iska mai ƙarfi za ta iya kayar da shi. Kyallu ta ce masa akwai doka. Ya ce dokar Gwalamdi ce, shi mutumin tunga ne.

Ya ce, "Kawo rabi, Malam. Na saba."

Allah ya sani ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so in ce na bayar ba. Kalmar tana kan harshena. Sai na dubi hannun da ke riƙe da ni, siriri kamar karan dawa, na ga jijiya tana bugawa a cikinsa da ƙyar. Na dubi Yalwa, na ga ta kawar da kai ta cije leɓe, ba za ta hana shi ba, kuma ta san abin da rabin nan zai yi masa. Na tattara ɗan ƙarfin da ya rage mini na fizge hannuna, na cusa shi ƙarƙashin cinyata na zauna a kai, don ban yarda da hannun ba, ban kuma yarda da bakina ba.

Na ce, "Nawa ne. Raƙumi aka ba ni."

Ya yi ta roƙo, na rufe ido ina girgiza kai, har ya gaji ya zame ya zauna kusa da ni. Ya karɓi ludayin daga hannun Kyallu. Duk sanda abin ya murɗa ya dafa kafaɗata ya ce sannu, in ya saki ya ba ni ruwa. Haka muka yi har rana ta karkata, ciwon ya yi ƙugi na ƙarshe ya mutu a jikina. Da na buɗe ido na gan shi ya jingina da bango barci ya kwashe shi, yana numfashi a hankali kamar kowane mai lafiya, Yalwa tana yi masa fifita. Ta dube ni, karo na farko tun ranar dandali, ta ce in yi shiru kada in tashe shi, rabonsa da barci irin wannan shekara guda.

Nan hikayar ta tsaya. Inda na ƙara gishiri Allah ya yafe mini, inda na rage ku yafe mini, kuma ga kunnuwanku nan na mayar.